Ɗumin Ƙarfen Kawu

Ban sami jana'izar Kawu ba. Ina tsaye a gaban aji wayata ta yi ta ruri a cikin jaka, sai a karo na huɗu na ba ɗalibai haƙuri na ɗauka. Kafin motar da na shiga ta iso Potiskum an riga an kai shi makwancinsa, mutane sun dawo sun zazzauna a kan tabarmi. Na Allah muke, gare Shi za mu koma, wannan na faɗa tun a bakin ƙofar aji kuma na yarda da shi. Amma akwai wata magana guda da na ajiye masa shekara da shekaru ban faɗa ba. Ita ce ta biyo ni tun daga tasha har ƙofar gidanmu a unguwar Yindiski, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A hannunsa na tashi tun ina 'yar shekara biyar, bayan rasuwar mahaifina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Sana'arsa zubin tukwane da ludaya, da 'yan ƙere-ƙeren da direbobin tirela ke so, a wata rumfar kwano da ke bakin hanya.

Da na shiga cikin gida na tarar da tsakar gidan cike da mata, kowa da abin da take tunawa. Goggonmu da ta zo daga Fika ta ce bai taɓa zuwa gidanta hannu rabbana ba, ko ludayi ne sai ya riƙo, har ludayan sun fi 'ya'yanta yawa. Wata tsohuwa daga Ngojin ta shigo tana jan ƙafa da ƙullin leda a hannu. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, sannan ta kwance ledar. Matattun batiran tocila ne, sun kai ashirin.

“Shi nake tara wa,” in ji ta. “Na ce sai sun yi yawa in aiko. Yanzu wa zan ba?”

Babu wadda ta yi dariya, domin rabin matan da ke wurin suna da irin wannan ƙulli a ƙarƙashin gado. Duk unguwar an san ba a yar da mataccen batiri, na Kawu ne.

Aka shiga yabon haƙurinsa, wannan ta yaba, waccan ta ƙara. Iya, matarsa, wadda ta raine ni, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi, idanunta sun kumbura. Da yabon ya yi yawa sai ta ɗago kai.

“Ku bar ni da zancen haƙurin nan,” ta ce. “Ni na zauna da shi. Haƙurinsa na ƙarfe ne, mu ragowa muke samu. Mutumin da zai yi wata guda yana fushi da ke, kuma yana cin tuwonki yana cewa an gode.”

Nan aka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Da la'asar na fita zaure in gaida maza. Direbobi sun fi yawa. Ɗaya daga cikinsu yana ba da labarin ƙoƙon fitila da Kawu ya yi masa, wai motar ta tsufa an sayar, an sake sayarwa, ƙoƙon yana nan bai tsage ba. Can gefe, shi kaɗai, Baba mai faci yake zaune. Rumfarsa ce ke manne da ta Kawu, tare suka yi ƙuruciya, tare suka tsufa, buta ɗaya suke shan shayi. Hausarsa ba ta gida ba ce, mace da namiji duk “ka” yake ce musu. Na durƙusa na yi masa gaisuwa. Ya daɗe yana dubana.

“Injiniya, ka zo?” ya ce. “Abokina ya jira ka.”

Na tashi na koma ciki da sauri kamar an kira ni.

Bari in faɗi wane ne shi kafin in faɗi abin da na yi masa.

Kawu gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya mutu da ƙarar guduma tun kafin a haife ni. Idan za ka yi masa magana sai ya juyo maka da na dama yana kallon wani wuri, baƙo ya ɗauka raini ne. A aljihun rigarsa kullum akwai guntun sabulu da guntun kara, Iya ta gaji da cire su lokacin wanki. Kuma ba ya wuce ƙarfe bai ƙwanƙwasa shi da farce ba. Ƙofar masallaci, cokalin gidan biki, murfin tukunyar mai kosai, duk sai ya ƙwanƙwasa ya kara kunne. Ranar da muka kai shi asibiti da zazzaɓi, yana rawar sanyi, sai da ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon ya ce mana wannan bututu ne, ba shi da nauyi. Yana da wata magana da duk wanda ya zauna da shi ya haddace: “Kada ka yi wa ƙarfe tsawa. Kowanne da lokacin da yake jin magana.”

Da na gama sakandare na ce injiniya nake so in karanta, dangin mahaifina suka taru a zaurenmu. Ba da mugunta ba. Sun ce malanta ko aikin jinya ya fi dacewa, ina ni ina ƙarafa. Kawu ya bari suka gama. Sannan ya tashi ya ciro kwaɗon ƙofar zauren ya ajiye a tsakiyar tabarma.

“Wannan kwaɗon ya ƙi buɗuwa shekarun baya,” ya ce. “Na ce in na dawo daga kasuwa zan fasa shi. Na dawo na tarar an kwance shi, an gyara, an mayar. Cikinku wa ya yi?”

Suka shiga kallon juna.

“To Uwata ce, tana 'yar shekara goma sha biyu, da tsinken kitso. Ƙarfe za ta karanta. In akwai mai shan shayi ya miƙo kofi.”

Shi ke nan aka rufe zancen. Ranar da zan tafi jami'a ya ba ni wani ɗan kwano, in riƙa ajiye 'yan kunne. Ba shi da kauri ko kaɗan, ka riƙe shi kamar ba ka riƙe komai ba, kuma babu tabon guduma ko ɗaya a jikinsa, babu alamar zubi. Yana kan teburina yanzu haka.

Wannan kwano shi ne abin alfaharin Kawu, da ƙoƙunan fitilar da direbobi ke yabo, don duk ƙarfe ɗaya ne. Ƙarfe mai yauƙi yake ce masa. Yadda ya gano shi, shi da Baba mai faci ba su taɓa ba da labari iri ɗaya ba, kowanne cewa yake dabararsa ce. Abin da suka yarda a kai shi ne, wata shekara sanholon tukwane, wato alminiyam, ya yi wuya, Kawu ya shiga gwada haɗe-haɗe. Ya gano cewa bawon batirin tocila ƙarfe ne mai kyau, wanda ake kira tutiya. Ya riƙa narka ta da guntayen wayar sanholo, yana ƙara wannan yana rage wancan, har ya tsaya a kan kashi huɗu na tutiya, kashi ɗaya na sanholo. Sai ya zuba, ya buge shi da ɗumi har ya yi faifai. Ya ja masa layi da sabulu ya ɗora a wuta, idan layin ya yi duhu sai ya fizgo shi da awartaki ya tsoma a ruwan randa. Bayan nan, idan aka sake ɗumama faifan kaɗan, daidai inda kara zai yi ja idan an goga amma ba zai ƙone ba, ƙarfen sai ya riƙa miƙewa kamar miyar karkashi, ba ya tsinkewa.

A nan Baba mai faci ke shigowa. Sukan ɗaure faifan a bakin mazubin ƙarfe, su binne rabinsa a toka mai zafi, Baba ya kawo tiyub ɗin tirela cike da iska ya haɗa da tiyo. Yana sakin iskar kaɗan-kaɗan, Kawu yana jan carbi yana ba da umarni. A hankali faifan zai kumbura ya bi cikin mazubin har ya ɗauki siffarsa. Kawu yakan ce a fara da lallashi, a ɗan ƙara, a tsakiya a sassauta, a ƙarshe a matsa don ya shiga lungu. Matsalar ita ce Baba mutum ne mai gaggawa. Wata rana direba yana tsaye yana jiran faci, Baba ya buɗe iskar gaba ɗaya don a gama, faifan ya fashe, toka ta wanke musu fuska. Mako guda ba su yi magana ba. Amma butar shayin ba ta rabu ba, wannan ya zuba ya tura wa wancan da ƙafa.

To, ga laifina.

Ina shekara ta uku a jami'a na zo hutu. A lokacin kaina ya cika, na haddace dokokin zafi da sanyi, ina ganin duk Potiskum babu wanda ya san abin da na sani. Wata rana da yamma na kai wa Kawu saƙon Iya a rumfa. Na tarar da abokansa sun cika benci, har da direbobi biyu. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

“Yawwa, ga Uwata. Ita za ta raba mana gardama, ita ta karanta. Uwata, wannan ƙarfen nawa, in na cire shi daga wuta na tsoma a randa, yakan yi sanyi ƙalau. In ɗora shi a tafin hannu, sanyi kamar ƙasan tulu. Amma in na ɗan jira, kafin in ja carbi biyu, sai ya fara ɗumi da kansa. Ba wuta, ba rana. Har sai na sauya hannu. Waɗannan sun ce ƙarya nake. Faɗa musu abin da boko ya ce.”

Ba tambaya yake yi don ya ƙure ni ba. Nuna ni yake yi wa abokansa. Yau na san haka, a ranar ma na sani.

Na ce, “Kawu, ai wannan ba ya yiwuwa. Zafi ba ya fitowa daga babu. Ragowar zafin ciki ne bai gama fita ba.”

“A'a, Uwata. Faifan bai kai kaurin farce biyu ba. Ina cikin da zafi zai ɓuya?”

Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma na ga mutane suna kallona, na ji daɗin kallon. Na ce, “To hannunka ne, Kawu. Shekara nawa yana shan wuta? Ya daina bambance zafi da sanyi.”

Bencin ya fashe da dariya. Ɗaya daga cikin direbobin har da buga cinya, yana cewa ai ga shi 'yarka ma ta faɗa. Baba mai faci kaɗai bai yi dariya ba. Kawu ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi, ya sake dubawa.

“Tsaya in hura wuta ki taɓa da naki hannun,” ya ce. “Ba zai daɗe ba.”

Na ce ƙawayena suna jirana, za mu je ganin amarya. Gaskiya ne suna jirana, amma ba abin da zai lalace in na makara.

“To, Injiniya,” ya ce. “A sauka lafiya.”

Daga wannan rana bai sake ce mini Uwata ba. Bai yi mini faɗa ba, bai fasa komai da ya saba yi mini ba, ko ranar da na kammala karatu shi ya fi kowa murna. Sai dai na zama Injiniya. Mutane suna ji suna ɗauka girmamawa ce, har Baba mai faci da sauran suka kama kirana haka. Ni da Iya kaɗai muka san abin da aka cire.

Shekaru suka wuce, na sami damar ƙaro karatu a wata ƙasa mai sanyi. Abin da ya faɗo mini a matsayin aikin bincike shi ne irin ƙarafan da ke miƙewa ninki da yawa ba su tsinke ba idan an ba su zafin da ya dace, an kuma ja su a hankali. Masu ƙera sassan jirgin sama da na mota suna hura irin waɗannan faifai da iska cikin mazubi, su sami siffar da guduma ba za ta iya ba. Ko da aka yi mini wannan bayani rumfar Kawu ta faɗo mini a rai, amma na kawar, na ce ina rumfar kwano ina wannan.

A makona na biyu a ɗakin gwaji, malamina, wani dattijo mai son wasa, ya ce zai nuna mini abin da yake nuna wa kowane sabon ɗalibi. Ya ciro wani ɗan faifai daga tanda ya jefa a bokitin ruwan sanyi, ya tsamo, ya goge, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce in riƙe kawai. Na tambaye shi wane haɗi ne. Ya ce tutiya da sanholo, wajen kashi huɗu da kashi ɗaya.

Sanyi ne da farko. Sannan ya fara ɗumi. Ya yi ta ƙaruwa har sai da na sauya hannu.

Malamin yana ta bayani cikin jin daɗi. Ya ce tsomawar ta kama ƙarfen ba shiri, ta daskarar da shi a yanayin da ba zai iya zama a ciki ba. Da ya sami kansa sai ya fara rabuwa gida biyu, ƙananan ƙwayoyi masu yawan tutiya da masu yawan sanholo, kuma wannan rabuwar ce ke fitar da zafi. Ƙanƙantar ƙwayoyin kuma ita ce sirrin yauƙin, domin idan an ɗumama su sukan zame a jikin juna maimakon su yage. Ina jinsa, amma ba shi nake gani ba. Kawu nake gani yana juya tafin hannunsa a gaban abokansa. Na nemi kujera na zauna, malamin ya ɗauka ƙonewa na yi.

Shekara huɗu na yi a kan wannan aiki. In yanka ƙarfe siriri, in sa a inji cikin tanda, in ja shi da sauri kaza a zafi kaza, in rubuta ƙarfin da ya ɗauka da inda ya tsinke. In sauya sauri, in sauya zafi, in sake. Daga waɗannan na gina lissafin da kwamfuta za ta yi amfani da shi ta faɗi inda faifai zai yi siriri idan ana hura shi, da yawan iskar da ya kamata a ba shi a kowane lokaci don kada ya fashe. Ranar da lissafin ya zauna, kwamfutar ta zana mini layin iskar. Ya tashi a hankali, ya ɗan ƙaru, ya sauko a tsakiya, ya sake hawa a ƙarshe inda faifan zai cika kusurwa. Na zauna ina kallon layin. A fara da lallashi, a tsakiya a sassauta, a ƙarshe a matsa don ya shiga lungu. Abin da ya ɗauke ni shekara huɗu da injuna, Kawu da carbi yake yinsa.

Me ya hana ni faɗa masa? Wannan tambayar na yi wa kaina a mota har muka iso. A ranar da faifan ya yi ɗumi a hannuna na ɗauki waya na ajiye, na ce Kawu ba ya jin waya sosai, Iya ce ke karɓa tana maimaita masa, wannan magana ba ta aike ba ce. Daga baya na ce sai na gama, in kawo masa littafin gaba ɗaya, in buɗe shafin farko in nuna masa inda na sadaukar da shi gare shi. Da na gama na dawo na kama koyarwa, sai na ce a gaban abokansa na kunyata shi, a gabansu ya kamata in wanke shi, sai na sami lokaci na musamman. Duk dalilai ne masu kyau. Gaskiyar ita ce nauyi nake ji. Na iya tsayawa gaban ɗalibai ɗari in ce jiya na yi kuskure a allo, amma in durƙusa gaban gajeren tsohon nan in ce Kawu kai ne da gaskiya, sai in ji ƙafata ta ƙi tafiya. Kuma kullum ina ganin akwai gobe.

Na zo gida sau da yawa a tsakanin nan, Sallah, suna, biki, kwana biyu ko uku in juya. Zuwana na ƙarshe bikin 'yar goggonmu ne. Da yamma ina wucewa ta zaure ya kira ni.

“Injiniya, gobe in kin sami sarari ki leƙo rumfa.”

Na ce in Allah ya so. Littafin ma yana cikin jakata. Da safe aka ce akwai motar da za ta tashi da wuri, ga ni da aji washegari. Na ce wa Iya ta ba shi haƙuri, in na dawo Sallah zan je. Bai kai Sallah ba.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, Iya ta kira ni ɗakinsa. Ta sa na jawo wani akwatin kwano daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai wani abu naɗe da tsohon rawani. Na warware. Ɗan faifai ne, daidai tafin hannu, an goge gefensa sumul don kada ya yanki mai riƙewa.

“Tun shekarar da kuka yi maganar nan ya yi shi,” in ji Iya. “Duk ranar da aka ce kina hanya sai ya fito da shi. Ya sayi gawayi, ya cika randar rumfa tun yamma don ruwan ya kwana ya yi sanyi. In kin tafi ya naɗe ya mayar. Na ce masa, Malam, 'yar da ka raina ce, kira ta ka ce zo nan ki gani, ina abin wahala? Ya ce a'a. Ya ce, Uwata ba a yi mata tsawa, in ta yi laushi za ta zo da ƙafarta.”

“Haka ya ce, Iya? Uwata ya ce?”

“A bayan idonki bai taɓa ce miki wani abu ba sai shi.”

Ban san lokacin da na kifa kai a cinyarta ba. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na lafa ta ce in tashi in wanke fuska, gobe da safe in je rumfa, don wannan karon ita ta aika aka cika randar.

Da hantsi na je. Baba mai faci ya riga ya buɗe rumfar ya share. Bencin yana nan, mutum uku a kai, biyu daga cikinsu suna wurin a waccan ranar, ɗaya shi ne direban da ya buga cinya, yanzu gemunsa fari fat. Ban san ko Baba ne ya kira su ba, ban tambaya ba. Ya hura wuta yana tari. Ya ce idonsa ba ya ganin layin sabulu yanzu, ni zan duba. Ya miƙo mini guntun sabulun da aka ciro daga aljihun Kawu.

Na ja layin na ɗora faifan. A nan tsoro ya kama ni. Na san zafin da ake so a lamba, amma babu ma'auni a rumfar, ban kuma taɓa karanta sabulu ba. Idan na cire da wuri ba abin da zai faru, idan na daɗe ya narke, kuma faifan guda ɗaya ne. In ya ƙi ɗumi a gaban mutanen nan, na sake ƙaryata shi ke nan, yana kabari.

“Kada ka yi gaggawa,” in ji Baba. Shi da bakinsa.

Layin ya yi ruwan ƙasa, ya ƙara duhu. Na kama faifan da awartakin Kawu na tsoma a randa, ruwan ya yi cuu. Na tsamo, na goge da gefen mayafina, na ɗora a tafin hannu. Sanyi kamar ƙasan tulu. Baba ya fara jan carbi. Ya gama zagaye ɗaya, babu komai. Direban ya gyara zama ya kawar da kai. Baba ya shiga na biyu.

Sai ya fara. Kaɗan da farko, har na yi shakka ko ɗumin hannuna ne. Sannan ya ƙaru yadda babu sauran shakka. Na miƙa wa direban, ya taɓa ya janye hannu yana salati, ya miƙa wa na kusa da shi. Da ya dawo hannuna yana nan da zafinsa. Na juya wajen da Kawu ke zama, inda buhun da yake shimfiɗawa yake har yanzu.

Na ce, “Gaskiyarka, Kawu. Hannunka lafiya lau yake.”

Baba mai faci ya share ido da bayan hannu. “Ɗaga murya,” ya ce. “Ta wannan gefen ba ya ji.”

Na ɗaga murya na sake faɗa, har masu wucewa a hanya suka waiwayo. Na ci gaba da riƙe faifan da hannu biyu, ina jin ɗumin yana raguwa kaɗan-kaɗan, har ya koma ƙarfe kawai.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa fushinsa na wata guda da taurin kansa, Ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya yi ta sanyaya ruwa yana jirana. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a. Ni kuma, Allah Ka sa ya yafe mini, don na zo da ƙafata kamar yadda ya ce, sai dai na tarar ya tashi.